Gudun talabijin: na jikin kwali daban, na jikin allo daban

Wayar hannu ce ta buɗe wa matasanmu ido. Tun da kamfanoni irin su Infinix da Tecno suka fara kawo wayoyi masu allon 90Hz da 120Hz a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya taɓawa, ido ya saba da santsi: ka ja shafi sama, rubutu ya bi yatsanka babu tangarɗa. Sai mutum ya dawo gida ya jona laftof da babban talabijin ɗin falo, inci 55, wanda aka rubuta wa 4K da wata ƙatuwar lamba a jikin kwali, ya motsa linzami, ya ga kibiya tana tafiya tana ɗingishi. Nan take zargi ya tashi. Wani ya ce jabu aka sayar masa, wani ya ce kwamfutar ce ta tsufa, wani kuma ya shiga intanet neman manhajar da za ta tilasta wa talabijin gudu.

A ganina masu wannan kuka kashi biyu ne. Kashi na farko, kuma su ne mafi yawa, gudun da suka biya kuɗinsa yana nan kwance a cikin akwatin, saiti biyu da wayar HDMI ɗaya ne suka tare shi. Kashi na biyu suna neman abin da ba a taɓa sakawa a ciki ba, kuma ba laifinsu ba ne, lambar da aka rubuta musu a kwali ce ta yaudare su. Na farko suna bukatar bayani. Na biyu suna bukatar a gaya musu gaskiya, a kuma daina yi wa na bayansu irin abin da aka yi musu.

Talabijin ba ya nuna motsi. Hotuna tsayayyu yake jerowa ɗaya bayan ɗaya, da saurin da ido ba ya iya rabewa. Sau nawa yake sauya hoton a sakan ɗaya, shi ake aunawa da Hz, ma'aunin da ke ɗauke da sunan masanin kimiyyar nan na Jamus, Heinrich Hertz. A 30Hz kowane hoto yakan zauna milisakan 33 kafin a kawo na gaba. A 60Hz milisakan 16.7 ne, a 120Hz kuwa 8.3. A duba wannan lissafi da kyau: tashi daga 30 zuwa 60 yana rage jira da fiye da milisakan 16, tashi daga 60 zuwa 120 yana rage 8 ne kawai. Shi ya sa nake cewa babban tsallen da mai kwamfuta zai yi a falonsa shi ne na farkon, kuma sau da yawa ba ya cin ko kwabo.

Su kansu lambobin 50 da 60 gadon wutar lantarki ne. Injiniyoyin farko sun ɗaure saurin hoto da bugun wutar da ke zuwa gida, don kada layuka su riƙa yawo a allo. Wutar Amurka tana bugun 60, ta Turai 50. Mu ta Turai muka gada, don haka da aka buɗe gidan talabijin na Ibadan a 1959, da na Kaduna a 1962, a kan 50 suka tashi. Da launi ya zo Najeriya ta ɗauki tsarin PAL, Nijar ta ɗauki SECAM, dukansu 50. Ita kuwa kwamfuta a Amurka ta girma, da 60 ta zo mana. Talabijin ɗin zamani yana jin duka biyun, kuma wannan zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

To me ya sa kibiyar take ɗingishi? Allon 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, jimla 8,294,400. Kowane ɗigo sai an aiko masa da launinsa a duk sabon hoto, kuma duk wannan saƙo ta cikin wayar HDMI zai bi. Komai girman tankin da ke saman gida, ruwan da zai zubo a bokiti gwargwadon faɗin tiyo ne. HDMI 1.4 da aka fitar a 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a sakan, iyakarsa 4K a kan 30Hz. HDMI 2.0 na 2013 ya kai gigabit 18, wato 4K a kan 60Hz. Sai HDMI 2.1 na 2017 mai gigabit 48, wanda shi ne ya buɗe ƙofar 4K a kan 120Hz. Ramin da ake soka wayar kuwa siffarsa ɗaya ce a duka ukun, babu yadda za a gane da ido.

A nan ne matsalar ta fi shafarmu. Laftof ɗin da suka cika shagunan Beirut Road a Kano da Computer Village a Ikeja galibi na hannu ne, waɗanda suka gama aikin ofis a Turai da Amurka aka kwaso su. Injuna ne masu ƙarko, ba na raina su. Amma yawancin waɗanda aka ƙera kafin 2020 ramin HDMI ɗinsu 1.4 ne. Da ka jona da talabijin mai 4K, Windows za ta zaɓi mafi yawan ɗigo, sai gudu ya faɗo 30 ba tare da an sanar da kai ba. Talabijin lafiyarsa ƙalau, kwamfuta ma haka.

Magani mafi sauƙi shi ne ka sauko da ɗigon zuwa 1920 da 1080. Nan take 60Hz za ta bayyana. Akwai ma wani lissafi da nake so kowane mai gyaran kwamfuta ya haddace: 4K sau 30 a sakan, da 1080 sau 120 a sakan, adadin ɗigonsu ɗaya ne cif, 248,832,000. Ma'ana tsohon ramin nan da ya kasa ba ka 4K mai santsi, sau da yawa zai iya ba ka 1080 a kan 120Hz, muddin allon talabijin ɗin mai 120 ne na gaskiya. Daga kujerar falo, mita uku daga allo, idanu da yawa ba sa rabe 4K da 1080, amma kowa yana rabe 30 da 60. Wanda kuma ya dage sai 4K, ya duba ko laftof ɗinsa na da ramin DisplayPort, ko USB-C mai fitar da hoto, domin ba kowane USB-C ne ke fitarwa ba. DisplayPort 1.2 yana ɗaukar 4K a kan 60Hz tun 2010. Sai a nemi adafta da aka rubuta wa 4K 60Hz ɓaro-ɓaro. Masu arahar nan masu ramuka da yawa, idan ka karanta ƙananan rubutun bayan kwalin, 30Hz za ka gani a mafi yawansu.

Idan kwamfutar ta isa amma har yanzu gudu bai fito ba, sai a ɗauki rimot. Kamfanoni da yawa suna fitar da talabijin da ramukansa a tsohon yanayi, don kada tsohuwar dikoda ko na'urar DVD ta ƙi nuna hoto. Mai shi ne zai buɗe da hannunsa, kuma kowane kamfani da sunan da ya ba abin. A Samsung Input Signal Plus ne, a LG HDMI Ultra HD Deep Colour, a Sony da Hisense Enhanced format. Rami-rami ake kunnawa, don haka sai ka zaɓi wanda ka soka wayar a ciki. Kuma a talabijin da yawa masu ramuka huɗu, biyu ne kacal ke ɗaukar 4K a kan 120Hz, akan rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a gefensu. A ɓangaren Windows, danna maɓallin Windows da P tare, ka fita daga yanayin da allon laftof da na talabijin ke nuna abu ɗaya, domin a nan sukan tsaya a gudun da dukansu za su iya. Ka bar wa talabijin shi kaɗai, sannan ka shiga saitin allo, ƙarƙashin Advanced display, ka zaɓi lamba mafi girma da ta fito.

Ita wayar HDMI maganarta gajera ce. Mai tambarin Premium High Speed ta isa 4K a kan 60, mai tambarin Ultra High Speed ita ce ta 120, kuma ta gaskiyar tana zuwa da lambar QR a kwali da za a iya dubawa. Gajera ta fi doguwa. Idan allo yana ɗaukewa yana dawowa, ko fararen ɗigo na walƙiya a cikin hoto, wayar ce ta gaza. Ruwan zinare a bakin waya ba ya ƙara wa hoto komai.

Duk wannan na kashi na farko ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kashi na biyu.

Shekara da shekaru kamfanonin talabijin suna buga lambobi a kwali da sunaye irin su Motion Rate, TruMotion, Motionflow XR, Clear Motion Index. Mai saye ya ga 120 ko 240, ya ɗauka Hz ne. Alhali talabijin da aka rubuta wa Motion Rate 120, a mafi yawan lokuta allonsa 60 ne. An ninka lambar ne saboda wasu dabaru biyu: ko dai fitilar bayan allo tana ƙyaftawa tsakanin hoto da hoto don rage dishi-dishi, ko kuma ƙwaƙwalwar talabijin tana ƙirƙiro hoton tsakiya ta hanyar hasashe. Dabarun suna da amfaninsu, amma babu ɗaya da ke sa talabijin ya karɓi hoto 120 daga kwamfuta. Kamfanonin sukan kare kansu da cewa ba su rubuta Hz a gefen lambar ba. Ni ban yarda da wannan uzuri ba. Wanda ya zaɓi 120 da 240 daga cikin duk lambobin duniya ya san abin da mai saye zai fahimta.

A Amurka magana ta kai kotu. Masu saye a jihar Kalifoniya sun yi ƙarar kamfanin Vizio kan tallan da yake yi na 120Hz da 240Hz da ya kira gudu na "tasiri", a jikin talabijin masu allon da bai kai haka ba. A ƙarshen 2023 aka sanar da sulhu: kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3 ya kuma daina irin wannan talla, ko da yake bai amsa laifi ba. Sai kuma wani abin takaicin daga masu kula da HDMI ɗin kansu. A ƙarshen 2021 ta fito fili cewa sun haɗe 2.0 cikin 2.1, kuma duk sababbin abubuwan da suka sa ake son 2.1, har da gigabit 48 ɗin, ganin dama ne ga mai ƙera kaya. Don haka ana iya rubuta HDMI 2.1 a jikin ramin da ba ya wuce 4K a kan 60, kuma ba a karya wata doka tasu ba. Yanzu ma an ƙaro wata sabuwa: allon 4K mai 60Hz da ke karɓar 120 ta hanyar haɗe layuka biyu-biyu, wato ya ba ka gudu ya karɓe rabin kaifin hoto. Wannan ciniki ne mai kyau ga mai gem idan an gaya masa. Idan an ɓoye masa kuwa, algus ne.

Wanda ya sayi allo mai 60 yana zaton 120 ne, shi ne ke ƙarewa a wajen manhajar tilastawa. Ga yadda abin yake. Da zarar an jona, talabijin yakan miƙa wa kwamfuta wani ɗan bayani da ake kira EDID, jerin ɗigo da gudun da yake iya karɓa. Manhajoji irin su Custom Resolution Utility, ko sashen ƙirƙirar saiti a manhajar Nvidia da ta AMD, suna ba ka dama ka ƙara abin da ba ya cikin jerin, ka ce a tura 72 ko 75. A kan allon kwamfuta na tebur wannan yakan yi aiki wani lokaci. A kan talabijin kuwa da wuya, domin tsakanin rami da allo akwai ƙwaƙwalwar da ke sake tsara duk abin da ya shigo. Ko dai ta ƙi, allo ya yi baƙi na 'yan sakanni kafin kwamfuta ta koma tsohon saiti, ko kuma ta yi abin da ya fi wannan muni: ta karɓi 75, ta nuna 60, ta zubar da 15 a ɓoye. Windows za ta rubuta maka 75Hz, ka yi murna, alhali motsin ya fi da muni, tunda yanzu ana tsallake hoto ɗaya cikin kowane biyar.

Ba sai an yi gardama ba, akwai gwaji. Shafin TestUFO na Blur Busters yana da sashen gane tsallaken hoto, inda wani farin akwati ke bin gidaje a jere. Ka ɗauki hoton allon da wayarka, ka sa kyamarar ta ɗan jinkirta rufewa. Idan fararen gidajen sun fito a jere babu giɓi, gudun gaskiya ne. Idan akwai giɓi, talabijin na zubarwa. Ban ce kada a gwada ba, kayan mutum nasa ne, kuma son sanin iyakar na'ura hali ne mai kyau da nake so in gani a wajen yaranmu. Abin da nake ƙi shi ne mai gyara ya karɓi kuɗin mutum ya ce ya ƙara masa gudu, hujjarsa kawai lambar da ke cikin saiti.

Akwai kuma abin da ake ruɗawa da gudu alhali ba shi ba ne, wato jinkiri. Ka danna maɓalli, ɗan wasanka ya buga ƙwallo bayan an riga an ƙwace. Talabijin ba zai iya ƙirƙiro hoton tsakiya ba sai ya riƙe na farko ya jira na biyu, ga kuma goge-gogen launi da yake yi, duk suna cin lokaci. A talabijin da yawa wannan jira yana kai kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Da an kunna Game Mode sai a kashe yawancin aikin, jiran ya sauko kusan milisakan 10 zuwa 20. Gidajen gem da ke unguwanninmu, inda ake buga eFootball da FC a kan PS4, su sani cewa PS4 ba ta taɓa wuce 60 ba, sai PS5 da ta fito a 2020 ce ke kai 120. Abin da zai gyara musu wasa yana cikin rimot, ba ya bukatar sabon talabijin. Shi wancan hoton tsakiya ko masu fim ba sa ƙaunarsa. A Disamban 2018 Tom Cruise da daraktansa Christopher McQuarrie sun fitar da ɗan bidiyo suna roƙon masu kallo su kashe shi. Mai aikin rubutu kuma ya sauya sunan ramin zuwa PC a jerin mashigai, domin a talabijin da yawa sai an yi haka ne launi ke zuwa cikakke, gefen baƙaƙe ya daina jirwaye.

Sai batun 50 da na ce za mu dawo kansa. Ba kullum babbar lamba ce daidai ba. Ƙwallon Turai da 50 ake watsa ta. Idan kana kallonta ta kwamfuta, abin da ake turo maka mai 50 ne ko 25, allonka kuma yana kan 60, dole a maimaita wasu hotuna fiye da sauran don a cike gurbi, shi ya sa kyamara ke ɗan fizga idan ta bi doguwar ƙwallo. Ka mayar da allon 50Hz, ko 100Hz idan yana da ita, fizgar ta ɓace. Fim kuwa hoto 24 ne a sakan, wanda ke shiga 120 sau biyar daidai, ba ya kuma shiga 60 daidai. Wannan na cikin fa'idojin allo mai 120 na gaskiya da ba a cika faɗa ba.

Ina goyon bayan mai son 120Hz, kuma ba na kallonsa a matsayin mai almubazzaranci. Mai zane, mai tace bidiyo, mai gem na gasa, duk wanda ke wuni gaban allo, yana jin bambancin a idonsa da hannunsa. Sai dai ya shiga da lissafi. Katin hoto mai fitar da 4K a kan 120 ta HDMI ya fara ne daga jerin RTX 30 na Nvidia da RX 6000 na AMD, duka na 2020. Buɗe hanya kuma daban, cika ta daban: idan kwamfutar hoto 45 take iya ƙerawa a sakan cikin wasan, 45 za ka gani ko da allon 144 ne. Ƙera hoto 120 na 4K aiki ne mai shan wuta. Katin RTX 3080 shi kaɗai wat 320 ne, ban da sauran kwamfutar da talabijin. A ƙasar da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, inda gidaje da yawa ke kan batir da sola ko janareta, 1080 a kan 120Hz ya fi dacewa da yawancinmu, ga sauƙin kati, ga sauƙin waya, ga sauƙin wuta.

Abin da ya rage na kasuwa ne. Dokar da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, dokar 2018, ta hana bayanin da zai ɓatar da mai saye game da kaya, kuma ina ganin lambar gudu a kwalin talabijin ta cancanci a dube ta da wannan ido. Hukumar da ta kula da ingancin kaya, SON, suna iya tilasta wa masu shigo da kaya su buga ainihin Hz na allon a fili, da girman da ya kai na waccan lambar ta talla. Yawancin 'yan kasuwarmu na Sabon Gari da Alaba abin da ke kwali suke karanta wa mai saye, su ma haka aka kawo musu, amma ƙungiyoyinsu na iya koya wa yaran shago bambancin lambobin nan cikin zama ɗaya, kuma shagon da ya fara faɗin gaskiya shi zai riƙe masu gem da masu aikin kwamfuta, waɗanda ke tura junansu inda aka yi musu adalci.

Kafin hakan ta samu, mai saye ya tafi da shirinsa. Ya karanta cikakkiyar lambar samfurin a bayan talabijin, ya neme ta a shafin kamfanin, ya duba layin da ke faɗin ainihin gudun allo, ya bar na tallan. Idan da hali ya je da laftof da wayar HDMI ɗinsa, ya roƙi a jona a shagon, gani ya kori ji. Ya buɗe jerin gudun da Windows ta nuna, ya gwada ramukan ɗaya bayan ɗaya. Idan an daidaita, ya ce wa mai shago: Alhaji, don Allah a rubuta mini a rasit cewa allon 120Hz ne, da lambar ramin da ke ɗaukarsa.